Littafin Aji Biyu a Ƙarƙashin Matashin Baba

Da sunan Allah, wanda Ya ba mu Baba kuma Ya karɓi abinSa. Wannan labarin jinyar mahaifina ne, daga ranar da ya faɗi zuwa ranar da aka kai shi makwancinsa. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malama ta nuna ni da alli kafin in buɗe baki. Amma na san yanzu haka akwai gidajen da ke da mai hawan jini, ina so su ji yadda muka yi, ko sa kauce wa inda muka yi kuskure.

Baba magatakarda ne a wata kotu a Gusau. Tun da aka ba mu jiha aiki ya ƙaru masa, yakan dawo da takardu a ɗaure bayan babur. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka yana jin nauyina, bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake cewa, ko ya aiko ƙanwata Balki, 'yar aji biyu a firamare, ta ce Baba na kira. Mutum ne mai tsare gida. Bayan la'asar yakan zauna a zaure da jaridar Turanci da jan biro, yana gyara wa masu jaridar kurakuransu, alhali ba aika musu zai yi ba. Dariyarsa kuwa ta bayan katanga na santa, in abokansa sun zo.

Ciwon ya daɗe yana nuna kansa. Ƙeyarsa takan yi masa nauyi da safe, ya aika kemis a sayo ƙwayar ciwon kai, ya bi ta da goro. Ni ke ɗauke masa kayan shayi, na kuma lura farantin yana dawowa da shayi a zube, kullum ta ɓangaren dama. Layin da yake ja da jan biro ya fara karkacewa. Na ga duk wannan, amma ban san yana nufin wani abu ba, Inna ma ba ta sani ba. Babu wanda ya taɓa auna masa jini.

Cikin bazara ya faɗi, da safe, yana ɗaura agogo zai tafi aiki. Agogon ne ya fara faɗuwa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi shi. Da Inna ta juyo da shi bakinsa ya karkace, yana son magana amma sautin da ke fita kamar na mai tuwo da zafi a baki. Lokacin ana wahalar man fetur. Maƙwabcinmu Malam Isa yana da mota amma babu ko ɗigo a tankinta, sai da ya ruga bakin titi ya sayo galan wajen 'yan bumburutu da kuɗin aljihunsa. Har yau bai yarda an biya shi ba. Allah Ya saka masa da alheri.

A asibiti muka tarar layin yankan kati ya fito har waje. Aka kwantar da Baba a kan benci, ni kuma ina rungume da takalmansa don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Rana ta take kafin a kira mu. Likitan matashi ne, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya naɗa wa Baba abin awo a dantse, ya matsa, ya duba, ya sake matsawa kamar bai yarda da abin da ya gani ba. Ya ce jini ne ya hau har ya ɓata wata 'yar jijiya a ka, shi ya shanye ɓarin dama. Maganarsa biyu ban manta ba. Ya ɗaga wata 'yar farar ƙwaya ya ce wa Inna, "Hajiya, wannan ba a gama shan ta. Ko ya miƙe yana gudu, kullum sai ya sha." Da ta tambaye shi maganar bakin, ya ce, "Kalmomin suna nan a kansa, hanyar zuwa wurinsu ce ta toshe. Ku riƙa yi masa magana, ku bar shi ya lalubo da kansa."

Makon farko komai sai an sayo daga waje, har auduga da safar hannu. Inna ta sayar da tunkiyar da take kiwo, a mako na biyu 'yan kunnenta na zinare suka bi bayanta. Akwai wata nas gajeriya da ta koya mana yadda za mu riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, takan ma leƙo ta gaishe shi bayan ta tashi aiki. Akwai kuma wata da ta yi fatali da kwanon kununsa don ya tare mata hanya. Duk su biyun ina tuna fuskarsu.

'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba, kuma babu mai zuwa hannu biyu, kowa da maganinsa. Goggo Kulu ta zo daga Bilbis da man kaɗanya da wasu saiwoyi. Wani abokin aikinsa ya ce tafarnuwa da zuma. Wani ya ce a binne hannun cikin rairayi mai zafi. Baba yana kwance idonsa na kan silin, ana ta magana a kansa kamar ba ya wurin.

Wanda ya fi kowa ɗawainiya shi ne Baffa Ummaru, wan Baba uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da hatsi a Tsafe. Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar kakanmu. Bai yi boko ba, ya yi dako da fatauci ya ɗauki nauyin karatun ƙanensa, kuma in ya ce "ƙanena magatakarda" sai ka ga ƙirjinsa ya buɗe. Ya kawo mana buhun gero, ya sayi magani ba sau ɗaya ba. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada abin da ke gaba ya sa a ɗauke shi mugun mutum.

Ruwan farko ya sauka aka sallame mu. Baba yana iya zama in an jingina shi, yana jan ƙafar dama in an riƙe shi, kalma ɗaya ko biyu na fita da ƙyar. Ranar da muka dawo ya nuna jarida, Inna ta miƙa masa da murna. Ya daɗe yana kallonta. Ya matso da ita kusa, ya nesanta ta, sannan ya wurgar da ita ya juya fuskarsa bango. Turancin ya tafi gaba ɗaya. Ko Hausa ce, in layin ya yi tsawo sai ya manta farkonsa kafin ya kai ƙarshe. Daga ranar ya rage cin abinci. Ni aka ɗora wa ba shi kunu da yi masa fifita, in na kai cokali bakinsa sai ya datse haƙora. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba, shi da ni duk mun rasa inda za mu sa idonmu.

Wata ranar Asabar da hantsi Balki ta zauna bakin ƙofar ɗakin tana bitar karatunta da ƙarfi, da irin waƙa-waƙar nan ta 'yan firamare. "Ja-ki ya tsa-ya. Ja-ki ya ƙi ha-wa ga-da." Na yi mata alama ta yi shiru. Sai Baba ya bugi katifa da hannun hagu. Muka tsorata duka.

"Ka... kawo," in ji shi.

Ɗan siririn littafi ne da makaranta ta ba su aro, bangon ya yage an ɗinke shi da baƙin zare. Kowane shafi hoto ne a sama, layi biyu na manyan baƙaƙe a ƙasa. Baba ya ɗora shi a cinya, ya sa ɗan yatsa ƙarƙashin layin. Leɓensa ya yi ta motsi babu sauti, har kunun da ke hannuna ya yi fata. Can sai muka ji, "Jaki... ya... tsaya."

Ita ce cikakkiyar magana ta farko da ya yi tun ranar agogo. Balki ta ce, "Baba, ka ci! Malama cewa take a tafa." Ta tafa masa ita kaɗai.

Labarin ba wani abu ba ne. Wani mutum ne zai kai kaya kasuwa, jakinsa ya toge a bakin gada. Masu wucewa suka taru, kowa da shawararsa. Mai kaji ya ce a doke shi. Mai tallan nono ta ce a rufe masa ido da zane. Wani mai dogon gemu ya ce aljani ne a ƙarƙashin gadar. Jakin yana tsaye a tsakiyarsu, ido a lumshe, kunne ɗaya a kwance. A ƙarshe wata kaza ce ta bi ta gadar da 'yan tsakinta, jakin ya ga ba abin da ya same su, ya bi bayansu.

Baba bai kai shafin masu shawara ba sai washegari. Ya karanta, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗaga kai ya dubi tagar ɗakin, inda muka jera kwalabe da ƙulle-ƙullen maganin da aka kawo masa. Ya sake duban hoton.

"'Yan... dubiya," ya ce.

Sai dariya ta kama shi. Rabin fuskarsa ne ke yin ta, kafaɗarsa ta hagu na rawa, hawaye na zuba. Inna ta shigo da gudu da muciya a hannu, ta ɗauka wani abu ne ya same shi. Da ta ga hoton ta fahimta, sai ta toshe baki da gefen mayafi ta fita, muna jin ta a madafa tana ƙyaƙyatawa. Ranar ya shanye kununsa, ya nemi ƙari.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a jinyar. Balki ta zama dillaliya, tana aro wa Baba littattafai wurin 'yan ajinsu: na ɓeran da ya gina gida a cikin takalmi, na yarinyar da ta shuka gyaɗa a cikin gwangwani. Ya karanta su duka, amma na jaki yake komawa. Ni na ɗauka don ya fi sauƙi ne, sai wata rana ya kira ni.

"Ke. Diba." Ya ɗora yatsa a kan buhunan da ke bayan jakin. "Mi na... ciki?"

Na ce, "Baba, littafin bai faɗa ba."

Ya gangaro da yatsan ƙasa. Akwai wasu 'yan fararen ɗigo-ɗigo da suka zubo daga buhun, da wata akuya a gefe tana lasarsu. Ban taɓa lura da ita ba. "Gishiri," ya ce. Sannan ya nuna kusurwar sama, ya buɗe shafi na gaba, da na gabansa. A kowane shafi sama tana ƙara duhu. "Hadari. Ruwa... in ya zo... mutumin ga ya ƙare."

Na dubi mai jakin sosai a karo na farko. Duk taron suna kallon jaki, shi kaɗai ne fuskarsa ke sama. Balki ta ce ita dai jakin ne ke ba ta dariya. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗau lokaci yana haɗa maganar. "Ina yaro... jaki nika kallo. Yanzu... mai jaki."

Wata rana kuma na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko bai gaji da maimaita abu ɗaya ba. Ya nuna jaridar da ke gefe ya ce, "Wagga... gudu takai." Ya dafa littafin. "Wanga... shina jira na." Ya ce rabonsa da karanta wani abu ba don aiki ba, ba don ya kama kuskuren wani ba, tun yana ɗan makaranta. Maganar ta ɗauke shi tsawon lokaci, ni ce na haɗa guntayenta. Hirar da ban yi da mahaifina ba tun haihuwata, a kan wannan littafin muka yi ta. Ita ma Inna ta koma kawo tsintar shinkafarta bakin ƙofar, wai a nan ne haske ya fi.

Sai dai Inna tana tsoron bakin mutane. Ta ce, "Ku ɓoye abin nan in an yi baƙi, kada a fita da labarin Malam ya koma yaro." Da mun ji sallama a zaure sai in tura littafin ƙarƙashin matashi, in ɗora masa jarida a ƙirji. Wata rana cikin sauri na ɗora ta a juye. Shi da kansa ya gyara ta da hannun hagu, ya harare ni, sannan ya ƙifta min ido. Da mun sani, da mun bar littafin a fili tun farko, mun yi wa kowa bayanin abin da likita ya ce. Ɓoyon da muka yi shi ya sa abin ya yi kama da abin kunya ranar da aka gani.

Baffa ba ya tsayawa zaure, gidan ƙanensa ne. Wata rana a bakin ɗakin ya yi sallama, ya riga ya ɗaga labule, bayansa wasu Alhazai biyu abokan kasuwarsa da ya ɗauko tun daga Tsafe su gaida magatakarda. Suka tarar da Baba a shafin masu shawara, yana dariyar nan tasa ta rabin fuska, yawu ya gangaro ta gefen bakin da ba ya jin sa. Ya ga wansa, ya ɗaga littafin da murna.

"Yaya... diba... jaki!"

Alhazan suka sunkuyar da kai. Ɗayansu ya ce, "Allah Shi sawwaƙe." Ko ruwan da na kawo ba su sha ba. Baffa ya zare littafin daga hannun Baba a hankali, kamar mai karɓe wuƙa a hannun yaro, ya sa a aljihun rigarsa. Da ya raka baƙinsa ya dawo tsakar gida ya kira Inna. Ta durƙusa daga nesa.

"Tun yaushe shika wanga abu?"

"An ɗan kwana biyu, Yaya Alhaji. Ai daɗinsa yake ji, har abinci ya koma ci."

"Daɗi? Mutumin da alƙali ba ya zama sai ya iso, shi na ka dariya da hoton jaki, kina ce min daɗi? Wanga ba ciwon asibiti ba na. An taɓa shi. Kotu wurin maƙiya ta, wa ya san wanda anka kayar ya riƙe shi a rai?"

Idonsa ya cika. Na ce daga bakin madafa, "Baffa, likita ya ce a bar shi ya lalubo..."

"Ke, ana maganar manya."

Inna ma ba ta ƙara ba. Matar ƙane ba ta jayayya da wan miji, balle wanda gero da maganin gidan ke fitowa daga hannunsa. Kafin mako ya zagayo Baffa ya zo da mota, muka ɗauki Baba zuwa wani ƙauye bayan Bungudu, kusa da gulbi, wurin wani mai magani da aka ce ya ƙware a kan sammu da iska. An yi hutun makaranta, sai na bi Inna. Balki aka bar ta gidan Malam Isa.

Mai maganin tsoho ne mai fara'a, ya ba mu ɗaki, matansa suna aiko mana da fura. Ban ga mugunta a tare da shi ba. Amma ya ce jiƙonsa ba ya haɗuwa da ƙwayar asibiti, a ajiye ta sai an gama. Inna ta ce to, sannan ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zaninta, tana ba Baba a ɓoye cikin kunu. Haka aka yi har suka ƙare. Ƙauyen babu kemis, ruwa ya cinye hanya, kuma wanda za ta aika ya sayo, wato Baffa, shi ne wanda bai kamata ya sani ba. Ta ce bari mu ɗan jira, ai mun kusa komawa gida.

Safe da yamma ana lulluɓe Baba da bargo a yi masa hayaƙi, ya fito yana tari idonsa jajur. In ya huta sai ya lashi babban yatsansa na hagu, ya yi kamar yana buɗe shafi a iska, yana kallona. Mai maganin ya gani ya ce, "Kun gani ko? Iskan na ka neman abinsa." Aka ƙara hayaƙi.

Na san labarin da ka, don haka in babu kowa sai in matsa kusa in faɗa masa a hankali, layi bayan layi. Ranar farko ya saurara. Rana ta biyu ya girgiza kai ya ce, "Babu... gishiri." Ba labarin yake so a ba shi ba. So yake ya sa yatsansa, ya kamo kalmar da kansa, ya ga akuyar da hadarin. Na nema a gidan ko akwai yaron da ke da littafin makaranta, babu. Maganarsa ta riƙa komawa baya, daga jimla zuwa kalma, daga kalma zuwa nuni. Ya sake datse haƙora in an kawo cokali. Na fara ganin yana dafe ƙeya da safe, irin dafawar da na sani.

Gero ya fitar da kai lokacin da ciwon ya sake bugunsa, bayan la'asar, yana jingine a inuwar ɗaki. Wannan karon bai yi ko sauti ba, kansa ne kawai ya langaɓe. A amalanke aka fito da shi zuwa bakin titin Bungudu, muka daɗe kafin mu sami motar da ke da mai. Baffa ya iske mu a asibiti ko hula babu a kansa. Likitan nan ne dai. Ya gane Baba, ya auna, ya juyo wurinmu.

"Ina ƙwayar?"

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya dubi ƙasa ya ce a kai shi gado. Baba bai sake buɗe ido ba. Nas ɗin nan gajeriya ita ta riƙa goge masa baki, ita ce kuma ta ja masa mayafi ranar Juma'a da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ina roƙon duk mai babba a gida da ke yawan dafe ƙeya, a kai shi a auna masa jini tun yana tafiya da ƙafarsa. In an ba shi ƙwaya, kada a yanke masa ita don wani magani, kowane iri ne, kuma kada kunya ta hana a faɗa in ta ƙare. In kuma majinyaci ya sami wani ɗan abu da ke sa shi dariya ya ci abinci, a bar masa, ko da abin na 'yan aji biyu ne. Wanda ya rubuta littafin nan babba ne, wanda ya zana akuyar ma babba ne, kuma na tabbata ba don Balki ya zana ta ba. Baba ya yi makonni yana buɗe shafi a iska. Wannan ya fi komai tsaya min a rai.

Ranar addu'ar arba'in, bayan mutane sun watse, Baffa ya aiko a kira ni zaure. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Yana zaune a tabarmar da Baba ke karatun jarida. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da littafin, ya lanƙwashe, gefensa ya yi jan goro.

"An ce an bugi Balki makaranta sabo da wanga."

Na ce, "E, Baffa."

"Ki ba ta." Ya miƙo, amma bai saki ba. "Ni ban iya bokonku ba. Matso ki karanta min in ji. Mi na ab ba shi dariya haka?"

Na matsa, na buɗe shafin farko. Jaki ya tsaya. Jaki ya ƙi hawa gada. Ban kai ga juya shafin ba ya dafe shi, ya sunkuyo yana kallon hoton da idon mai awon kaya.

"Wanga ai gishiri na, ga akuya nan tana lasa." Ya kai yatsa kusurwar sama. "Ga hadari kuma. Kai, bawan Allah ya shiga uku."

Na ci gaba. Da mai kaji ya ce a doke shi, Baffa ya yi tsaki ya ce, "Jaki in ya toge, duka ba ta tada shi." Da mai nono ta ce a rufe masa ido, dariya ta kuɓuce masa, gajeriya, irin ta Baba sak. Na juya shafi, na karanta maganar mai dogon gemu da aljanin ƙarƙashin gada. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon hoton, jakin a tsakiyar taro, ido a lumshe. Na ji numfashinsa ya canza, ban ɗaga kai ba. Na karanta sauran har kaza ta wuce da 'yan tsakinta, jaki ya bi su, ruwa bai sauko ba sai da suka shiga rumfar kasuwa.

Na rufe littafin. Aka fara kiran la'asar, Baffa bai motsa ba. Ya goge fuska da hannun riga.

"Nan na shika zama?"

"Nan ne, Baffa."

Ya gyara zama, ya jawo littafin tsakaninmu, ya lashi babban yatsansa ya buɗe bangon da kansa.

"Koma farko," in ji shi. "Sannu-sannu, yadda shika yi."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ciwon ya zama kaffara, mu kuma Ya yafe mana.